Fulofin Andy Warhol: yadda aka zaƙulo zane 28 bayan shekara 28

Ranar 23 ga Yuli, 1985, kamfanin Commodore ya tara jama'a a Lincoln Center da ke birnin New York don ƙaddamar da sabuwar kwamfutarsa, Amiga 1000. Suna so a gane cewa wannan na'ura ba ta lissafin ofis kaɗai ba ce, don haka suka gayyato shahararren mai zane Andy Warhol, suka zaunar da mawaƙiya Debbie Harry a gabansa. Kyamara ta ɗauki fuskarta ta shigar cikin kwamfuta, shi kuma ya kama maus yana zuba launi, nan ja, can rawaya, jama'a na kallo a babban allo. Da aka tambaye shi wace kwamfuta ya taɓa aiki da ita kafin wannan, sai ya ce babu, wannan ɗin yake jira.

Kamfanin ya ba shi na'urar ya ci gaba da wasa da ita a wurin aikinsa. Bai yi nisa ba ya rasu, a watan Fabrairun 1987. Kayansa suka koma gidan adana tarihinsa da aka buɗe a birnin Pittsburgh a 1994, shekarar da shi kansa Commodore ya durƙushe. Cikin kayan akwai Amiga 1000 guda biyu da faifan fulofi kimanin 40. Aka rubuta su a rajista, aka ajiye, shi ke nan. Mai kayan ya mutu, kamfanin da ya ƙera injin ya mutu, kuma babu wanda zai iya cewa ga abin da ke cikin faifan.

Wanda ya tono maganar wani mai zane ne, Cory Arcangel. Ya ga bidiyon bikin 1985 a YouTube, sai ya tambayi kansa: mutumin da ya zana wannan a bainar jama'a, me ya zana da ya koma gida? A 2011 ya kai maganar ga Tina Kukielski ta gidan zane na Carnegie, su biyun suka je wurin Matt Wrbican, babban mai kula da taskar gidan tarihin Warhol. Daga nan aka haɗa su da Golan Levin na Jami'ar Carnegie Mellon, shi kuma ya jawo ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta jami'ar, mutanen da suka saba tara tsofaffin injina suna tayar da su. Keith Bare da Michael Dille na cikin waɗanda suka riƙe aikin. A watan Maris na 2013 aka zauna da faifan.

Abin da ya ja hankalina a wannan lamari ba sunan Warhol ba ne. Matsalar da suka tarar ita ce wadda duk mai tsohon faifai a durowa zai tarar, sai dai su sun warware ta hawa-hawa, ba su haɗa ciwo huɗu sun kira shi ɗaya ba. A wurinmu da zarar kwamfuta ta ƙi buɗe faifai sai a ce ya mutu. To amma wane ne ya mutu? Jikin faifan ne, ko injin da ke karanta shi, ko tsarin da aka jera bayanan a kai, ko manhajar da ta san ma'anarsu? Kowanne da alamarsa, kowanne da maganinsa, kuma maganin wani guba ne ga wani.

Mu fara da abin da kowa zai fara tunani. Ga injin Warhol, ga faifan Warhol, me ya hana a jona wuta a zura a gani? Abin da ya hana shi ne yadda fulofi yake. In ka ja ƙarfen nan mai zamewa da ke bakinsa za ka ga wata 'yar leda baƙa-baƙa, zagayayya, mai sheƙi. Roba ce siririya da aka shafa wa garin tsatsar ƙarfe, aka riƙe garin da wani irin gam. Bayanin yana zaune ne a yadda aka juya maganaɗisun wannan gari. Shi babban faifan cikin kwamfuta kan karatunsa yawo yake a iska, ba ya taɓa komai. Na fulofi kuwa, wanda masu gyaran rediyo ke kira hed, manne yake da ledar sama da ƙasa, tana juyawa sau 300 a minti ɗaya yana gogar ta. Muddin gam ɗin na da ƙarfi babu laifi. Amma shekaru da laima suna cin gam. In ya saki, hed ɗin sai ya zama kamar wuƙar kankare tukunya: za ka ji wani ƙara siriri, ka ciro faifan ka ɗaga a haske ka ga zobe fes inda garin ya tafi. Abin da ke kan wannan zobe ya tafi har abada. Garin da ya kankaro kuma yana nan maƙale a hed, yana jiran faifai na gaba ya karce shi. Wato tsohon faifai na iya kasancewa saura karatu ɗaya ko biyu gare shi a duniya, kuma ba a rubuta hakan a goshinsa ba.

Shi ma injin ba abin amincewa ba ne. Na'urar da ta shekara kusan talatin ba ta ga wuta ba, kondensocin cikinta, wato ƙananan kayan da ke riƙe cajin wuta, sun bushe, man da ke kan sandar da hed ke zamewa ya daskare, saitin hed ɗin ma yana iya gocewa. Amiga 1000 ta tsira daga wata annoba guda, domin ba ta zo da batirin agogo ba, batirin da ya yi yoyo ya cinye allon Amiga 2000 da 500 Plus masu yawa. Amma akwai wani haɗarin da ba na ƙarfe ba. Tsarin aikin Amiga, in ya ga faifai da alamar ba a rufe shi daidai ba a aikin ƙarshe, yakan shiga gyara shi da kansa, gyaran kuwa rubutu ne a kan faifan. Mai neman ceto bayani ba ya son a rubuta ko ɗigo. Shi ya sa abu na farko da hannu ke yi, kafin komai, shi ne tura 'yar makullin nan ta kusurwar faifan har ramin ya buɗe. Ramin a buɗe, injin ba zai yi rubutu ba. Ƙari a kan haka, injinan biyu su ma kayan tarihi ne, ba kayan gwaji ba.

To a kai faifan kwamfutar zamani mana? Nan ne tarko mafi muni yake, kuma na taɓa ganin ya kama mutum da idona. Shekarun baya, lokacin da kowace unguwa ke da shagon buga takardu, ina zaune wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya shigo da fulofi a naɗe cikin hankici. Rubutun da ya yi shekaru yana tarawa ne a ciki. Yaron shagon ya zura, kwamfuta ta yi ƙugi, ta fito da tambayar nan da muka sani: faifan ba shi da fomat, a yi masa yanzu? Kafin wani ya buɗe baki yaro ya danna e. Da ta gama ya juyo da fara'arsa ya ce, "Baba, na gyara maka, yanzu yana buɗewa." Dattijon ya leƙa allo ya ce, "To ɗan nan, ina rubutun?" Babu. Mai yiwuwa da'ira ɗaya ce tal ta farkon faifan ta samu matsala, sauran duk lafiya lau, amma cikakken fomat a fulofi yana bin kowace da'ira ya shafe ta. Dattijon ya naɗe faifansa a hankici kamar yadda ya zo da shi, bai ƙara cewa komai ba.

Da a ce faifan Warhol aka zura a irin wannan kwamfuta, wannan tambayar ce za ta fito, ko da faifan sabo ne dal. Dalili shi ne Amiga da kwamfutocin gidan IBM ba yarensu ɗaya ba, duk da cewa faifan iri ɗaya suke ci. Dukansu suna raba kowace fuska ta faifan zuwa da'ira 80, fuska biyu. Amma kwamfutar gidan IBM tana yanka kowace da'ira gida 9, ta bar fili tsakanin gida da gida don ta iya rubuta ɗaya ba ta taɓa maƙwabcinsa ba, sai faifan ya ɗauki kilobait 720. Ita Amiga, ta hanyar wani aisi nata, wato ƙaramin guntun lantarki da ke kan allon cikinta, mai suna Paula, da'ira guda take karantawa ko rubutawa gaba ɗaya a zagaye ɗaya. Tunda haka ne ba ta bukatar filayen nan, sai ta cusa gida 11 a manne da juna, faifan ya ɗauki kilobait 880. Har ila yau tana raba bayanan kowane gida kashi biyu, ƙwayoyin bayanin da ke gurbin mara daban, na gurbin cika daban. Aisin da ke kula da fulofi a kwamfutar gidan IBM an gina shi ne ya nemi alamominsa a inda ya saba. In bai gan su ba, ba ya cewa ban iya wannan yare ba. Cewa yake faifan fanko ne.

Hanyar da mutanen Carnegie Mellon suka bi ita ce wata 'yar na'ura mai suna KryoFlux, allo ne da bai fi tafin hannu ba, yana shiga tsakanin injin fulofi na yau da kullum da kwamfutar zamani. Hikimarta ita ce ba ta ƙoƙarin fahimtar komai. Ba ta neman fayil, ba ta neman gida, ba ruwanta da ko faifan na Amiga ne ko na wani. Abin da hed ke ji kawai take saurara. Duk lokacin da ya wuce inda maganaɗisun ya juya fuska, yakan ba da ɗan bugu, ita kuma sai ta auna tazarar lokaci tsakanin bugu da bugu, da agogon da ke kaɗawa sau miliyan 24 a daƙiƙa. A lafiyayyen faifai irin na Amiga tazarar iri uku ce: kashi 4, ko 6, ko 8 cikin miliyan na daƙiƙa. In ka zana su a allo za ka ga layi uku a kwance, tsaf, kamar kunyoyin gona. Inda faifan ya raunana layukan sai su baje, su fara shiga juna. Inda aka karce shi sai ka ga rami. Tun kafin ka san ko akwai zane a ciki, ka riga ka san lafiyar kowace da'ira.

Kamar almajirin da bai kai ga fassara ba ne amma hannunsa ya iya kwafe allo baƙi da wasali ba tare da kuskure ba. Fassara ta zo daga baya, ta zo daga wani ma, ba damuwa.

Na'urar takan bar faifan ya zagaya 'yan lokuta a kan kowace da'ira ta adana duka, saboda wurin da ya yi rauni yana iya karantuwa a zagaye na uku bayan ya ƙi a na farko. Yadda ake gane wanne ne daidai kuwa, kowane gida a faifan Amiga yana ɗauke da lambar tantancewa, jimillar da aka lissafa daga bayanansa ranar da aka rubuta shi. In ka sake lissafi ta fito daidai, gidan lafiya yake. Da an gama, faifan ya koma akwatinsa. Abin da ya rage a hannu fayil ne a kwamfutar zamani, wanda in aka juya shi zuwa bayanai zai ba da bayit 901,120, wato 80 sau 2 sau 11 sau 512. Wannan kwafi a yi masa duk abin da aka ga dama. A ɓata shi sau ɗari, a sake ɗauko wani. A ganina nan ne aikin ya ci nasara, tun kafin a ga zane ko ɗaya, domin daga wannan lokaci kuskure ya zama kyauta.

Sai hawa na uku, wato yadda aka jera fayiloli. Nan wani abu ya fito da ba a zata ba. Kusan dukan faifan, bisa ga takardar da ke manne a jikinsu, na tsarin aiki ne da manhajoji, irin waɗanda kamfani ke bayarwa tare da inji. Mai gaggawa zai duba takardar ya ce wannan ba na zane ba ne, ya ture gefe. Ashe Warhol a kansu yake ajiye aikinsa. Kuma in ka san Amiga 1000 ba za ka yi mamaki ba. Ba ta da babban faifai a ciki, ramin fulofi ɗaya ne a jikinta, ƙwaƙwalwarta kilobait 256. Ko tashi ba ta iya yi sai an zura mata faifan Kickstart tukuna, sannan na tsarin aiki, sannan na manhajar zane. Mutumin da ya gama zane ya danna ajiyewa, faifan da ke cikin rami a lokacin shi zai karɓa, kuma galibi na manhajar ne. Da a ce sun zaɓi faifan da za su kwafa bisa ga abin da aka rubuta a jiki, da sun tashi hannu rabbana.

Tsohon tsarin fayil na Amiga yana da wata ɗabi'a da masu amfani da shi a lokacin suke ƙorafi a kai, masu ceto kuma suke sa wa albarka yanzu. A cikin bayit 512 na kowane gida, 488 ne kawai na bayani. Sauran 24 ɗin shaida ce: ni na fayil kaza ne, ni ne na kaza a jeri, wanda ke bi na yana wuri kaza. Ɓarnar wuri ce, kuma tana rage wa injin sauri. Amma ko da tushen jerin sunayen, wanda ke zaune a gida na 880 a tsakiyar faifan, ya lalace, kana iya bin gidajen ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kowanne ɗan gidan wa ne, ka sake haɗa fayil ɗin. Faifan dattijon nan na shagon buga takardu ba shi da wannan gata. A tsarin gidan IBM taswirar duka tana farkon faifai, wurin da hed ya fi yawan gogewa.

Da jerin sunaye ya bayyana, sai ga campbells.pic, ga marilyn1.pic. Duk wanda ya san Warhol ya san gwangwanin miyar Campbell's da fuskar Marilyn Monroe su ne tambarinsa. Murna ta kama kowa, amma ba ta daɗe ba, domin babu manhajar da ta yarda ta buɗe fayilolin. Ga su nan, girmansu ya nuna akwai abu a ciki, amma an rubuta su da tsarin da ba wanda ya sani.

Wannan shi ne hawa na huɗu, kuma shi ya fi kama da ciwon da ba ya nuna a jiki. Dalilinsa tarihi ne. Warhol ya samu injin da wuri ƙwarai, manhajojin da ke hannunsa, irin su GraphiCraft, na farko-farko ne, tun ana kan gyaransu. A shekarar 1985 ɗin ce kamfanin Electronic Arts ya fito da tsarin ajiye fayil mai suna IFF, wanda daga baya kusan duk manhajar zane ta Amiga ta koma kansa. Abin da aka ajiye kafin kowa ya daidaita a kan wannan tsari sai ya zama maraya: manhajojin da suka biyo baya ba su san shi ba, wadda ta haife shi kuma ta canza.

Mu ma muna da irin wannan maraici a Hausa. Kafin haruffa masu ƙugiya su samu gurbinsu a kowace kwamfuta, masu buga littattafai da jaridu sukan yi amfani da wasu haruffa na musamman da aka ɗora ɓ da ɗ da ƙ a kan maɓallan wasu alamomi. Ka buɗe irin wannan rubutu yau a injin da ba shi da waɗancan haruffa, sai ka ga baka-biyu da alamomi barkatai a tsakiyar kalma. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Mabuɗinsa ne ya ɓata.

Yaya ake buɗe hoton da ba a san tsarinsa ba? Ana farawa ne daga abin da injin kansa ya tilasta. Allon zane na Amiga a Amurka ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, jimilla 64,000. Tana da launi 4,096 a rumbunta, amma a yanayin zane na yau da kullum 32 take nunawa lokaci guda. Kuma ba ta ajiye launin kowane ɗigo a wuri ɗaya. Tana shimfiɗa hoton ne falle-falle, kamar tabarmi biyar da aka ɗora kan juna, kowane falle yana cewa e ko a'a game da kowane ɗigo. Ka tsaya a kan ɗigo ɗaya ka soka allura ta ratsa falle biyar ɗin, amsoshi biyar da ka samu su ne lambar launinsa, daga 0 zuwa 31. Kowane falle bayit 8,000 ne, biyar kuwa 40,000. Saboda haka in ka ga fayil ya ɗan haura 40,000, zuciyarka ta fara raya maka cewa hoto ne ba a matse ba, ɗan abin da ya hau kai kuma shi ne bayanin gabatarwa da jerin launuka. Daga nan sai gwaji. Ka ɗauka fallayen a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, ka zana ka gani. In ka yi kuskuren faɗi hoton zai fito a karkace kamar ruwan sama da iska. In ka yi kuskuren jerin fallaye siffa za ta fito amma launuka su haukace. In tsarin layi-layi ne aka saƙa su, kamar yadda IFF ke yi, kai kuma ka karanta a jere, za ka ga hoton ya daddatse ya maimaita kansa. Kowane kuskure da irin fuskarsa, kuma fuskar ce ke gaya maka inda za ka gyara. Akwai kuma hanya ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan: tunda manhajojin suna kan faifan da aka kwafa, ana iya tayar da su a cikin manhajar da ke kwaikwayon Amiga a kwamfutar zamani, a ga yadda su da kansu suke karanta abin da suka rubuta.

'Yan ƙungiyar sun warware tsarin, hotuna suka fito. A watan Afrilun 2014 aka sanar da duniya: zane 28 da masana gidan tarihin suka ce salon Warhol ne, 11 daga ciki da sa hannunsa. Akwai gwangwanin miya da aka zana da maus, layukansa na rawa kamar na yaron da ke koyon riƙe alƙalami. Akwai fuskar Venus ta mai zane Botticelli da aka ƙara wa ido na uku. Akwai hoton shi kansa.

A lura da kalmar da aka zaɓa: salonsa. Na ji daɗin wannan taka-tsantsan, domin faifai ba ya faɗin hannun wa ke kan maus. Ma'aikatan Commodore sun zauna da shi suna koya masa, cikinsu har da Jeff Bruette, kuma faifan manhaja kan zo da hotunan gwaji na kamfani. Ko kwanan watan da ke jikin fayil ba shaida ba ce mai ƙarfi. Rashin batirin agogon nan da ya ceci allon injin daga yoyo, shi ne kuma ya sa Amiga 1000 ba ta san ranar da take ciki ba. In ta tashi takan ɗauki kwanan wata daga faifan da aka tayar da ita, sai in mutum ya zauna ya saita da hannu, kuma ban ga alamar mai zane zai damu da wannan ba. Masu kwamfuta sun iya tabbatar da cewa ga abin da ke kan faifai, ɗigo bayan ɗigo. Wanda ya zana kuma, wannan hukuncin masu ido ne da masu tarihi.

Wanda ke da irin waɗannan faifai a Kano ko Zinder, yanayinsa ya fi na Pittsburgh tsanani. Can a ɗakin ajiya mai sanyi suka kwana. Namu a durowa suke, damina ta sa musu fumfuna, hunturu ya cika su da ƙura, bazara ta gasa su. Fumfuna ana ganinta in an ja ƙarfen bakin an juya ledar a hankali ta cibiyarta: tabo-tabo ne fari ko toka-toka. Faifai mai irin wannan tabo ba a zura shi a inji sai an goge shi da tattausan ƙyalle da sinadarin goge hed, shi ma hed ɗin a goge shi tsakanin faifai da faifai. Kayan aikin kuma sun yi sauƙi tun bayan 2013. Akwai Greaseweazle, wadda Keir Fraser ya ƙirƙira ya bar tsarinta a buɗe ga kowa, tana yin aikin auna bugun nan a farashi mai rahusa. Abin da ke ƙara wuya shi ne lafiyayyen injin fulofi, tunda an daina ƙera su, Sony ma ya daina yin faifan kansa tun 2011.

Akwai saura hawa ɗaya da ban lissafa da farko ba, kuma shi ne ya jawo rigima. A watan Mayun 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da biyar daga cikin hotunan a matsayin NFT, wato shaidar mallaka ta dijital da ake saye da sayarwa a intanet, a madadin gidauniyar Warhol, kan kuɗi sama da dala miliyan 3. Golan Levin, wanda da shi aka yi aikin ceton, ya fito ya ce abin da aka sayar ba ainihin fayilolin ba ne. Na asali ɗigo 320 ne a 200. Waɗanda aka kai gwanjo an buɗa su zuwa 6,000 a 4,500.

Maganar ta fi yadda take a ido zurfi. Raba 320 da 200, ka raba 6,000 da 4,500, ba za su ba ka amsa ɗaya ba. Ba kuskure ba ne. A talabijin ɗin kwalba irin na wancan zamani, ɗigon Amiga ba murabba'i ba ne, ya fi tsawo a tsaye da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Allon waya da na kwamfutar yau kuwa ɗigonsu murabba'i ne cif. In ka ɗora fayil ɗin asali a kansu yadda yake, ba ka taɓa komai ba, gwangwanin zai fito gajere mai ƙiba, fuska ta baje, ba abin da Warhol ya gani ba ke nan. In kuma ka miƙe shi don ya yi daidai da abin da ya gani, ka canza lambobin. Ga kuma hasken kwalbar kanta, wadda ke narkar da gefen kowane ɗigo cikin na kusa da shi, ta bar siririn layi mai duhu tsakanin jeri da jeri, abin da babu shi a cikin fayil ko kaɗan. Wanda ya sayi hoton gwangwanin ya tafi da ɗigo miliyan 27. Abin da aka ciro daga faifan a watan Maris na 2013 ɗigo 64,000 ne.